Neman shawara: abinci da zaman Koriya sun fara fin ƙarfina

Baƙo a Daejeon:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zuwa Koriya ta Kudu, musamman ɗalibai da masu aikin kamfani. Tallafin karatu na gwamnatin Koriya ne ya kawo ni. Na gama shekarar koyon harshe, yanzu na fara digiri na biyu a wata jami'a a Daejeon. A shekarar farko ban sha wahala ba, don muna da yawa Musulmi, 'yan Indonesiya da Uzbekistan da Masar, muna haɗa kuɗi mu yi girki tare. A nan kuwa ni kaɗai ne baƙo a ɗakin bincikenmu.

Abinci ya zame mini matsala. A ɗakin cin abinci na makaranta da wuya a wayi gari babu alade a miya ko a soye. Na sayi kimbab, wato naɗin shinkafa a ganyen teku, na kifin gwangwani, na buɗe na tarar da yankan naman alade a tsakiya. Tun daga nan zuciyata ta ƙi komai, na koma ƙwai da burodi da ayaba. Na rame har Hajiyarmu ta lura a kiran bidiyo.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne hweshik, wato liyafar dare da farfesa ke kai ɗalibansa. Kullum gidan gasa alade ake zuwa, ga giyarsu soju a kan tebur. Ina ta kawo uzuri ina zamewa. Shekaranjiya babban ɗalibin ɗakin ya ja ni gefe ya ce farfesa ya tambaya ko ba na jin daɗin zama da su ne. Ko abincin rana ma sun daina kirana. Ga taron mako-mako da aka sa ranar Juma'a da rana, daidai lokacin salla. Ba na so in taɓa addinina, ba na kuma so in lalata karatun da ya kawo ni. Don Allah yaya kuka yi?

Maman Biyu, Ansan:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ni ta wajen tukunya zan fara, don mai jin yunwa ba ya iya tunanin kirki.

Ka nemi wurin girki ko da risho ɗaya ne, da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Shinkafar Koriya gajera ce mai danƙo, ba ta yin dafa-duka mai warara, amma wallahi ban taɓa samun shinkafar tuwo irinta ba. Ka ƙara mata ruwa, ta nuna lugub, ka tuƙa da muciya, shi ke nan. Ga miya kuma, alayyahunsu da suke kira shigumci yana nan a kowace kasuwa. Kabewar nan ƙarama mai koren baya, danhobak, idan ka haɗa ta da markaɗaɗɗiyar gyada ta kwalba, ka sami miyar taushe. Dwenjang ɗinsu, wato waken suya da aka ruɓar, ka ɗauke shi tamkar daddawa: cokali ɗaya a miya, ƙamshin gida zai tashi. Garin barkononsu ja ne amma ba ya da zafi sosai, idan kana son yaji na gaske ka nemi ɗanyen barkonon congyang. Suna da dawa ma, susu suke ce mata, ana sayar da ita a wajen hatsi, ina kunu da ita.

Nama kuwa kada ka wahalar da kanka. Shagunan 'yan Pakistan da Bangladesh da Uzbekistan suna da kaza da rago da sa na halal a daskare, galibi daga Brazil da Ostireliya. Ana kuma yin oda ta Coupang, kantin intanet ɗinsu, a kawo maka har ƙofa. Mu a nan Ansan unguwar Wongok-dong cike take da irin shagunan nan. Ranar da ka shiga Seoul, hanyar da ta hau zuwa babban masallacin Itaewon ma haka take, har shinkafa doguwa da manja ana samu a shagunan 'yan Afirka da ke yankin.

Sai karanta bayan leda. Dokarsu ta tilasta a rubuta abubuwan da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, kuma alade da sa da kaza suna cikin jerin. Ka duba ƙasan jerin kayan haɗi, idan ka ga 돼지고기, wato naman alade, ka ajiye. Ka lura da 젤라틴, wato jelatin, sinadarin da ke sa abu danƙo, a alewa da yogot, sau da yawa daga alade ake yin sa. Taliyar ramyon ita ce ta fi yaudarar baƙi, don garin miyar ne ke ɗauke da naman. Kuma don ka ga wata taliya da tambarin halal a ƙasar waje, ba lallai ne wadda ake sayarwa a cikin Koriya ta zama irinta ba. Kowace leda ka duba ta da kanta.

Tsohon ɗalibi, Suwon:

Malam, Maman Biyu ta gama maka da ciki. Ni maganar teburin ce ta fi tsaya mini, don a ganina ita ce babbar matsalar, ba aladen ba.

Ka yi shekara kana koyon harshensu, ka san har gaisuwa suke yi da tambayar ko ka ci abinci. A wajen Bakoriye wanda kuke ci tare shi ne naka. A teburin nan ake sanin wa ke cikin matsala, wa za a taimaka wa da na'ura, wa za a sa sunansa a takardar bincike. Idan kana zamewa da uzuri iri-iri, ba za su ce addini ne ya hana ka ba, tun da ba ka faɗa musu ba. Cewa za su yi ba ka son su. Kuma yadda babban ɗalibi ya zo maka da maganar, ka sani saƙo ne daga farfesa. Ba su cika faɗa wa mutum kai tsaye ba, ta hannun na tsakiya ake bi.

Ka nemi ganin farfesa a ofis, kai da shi, ba a gaban ɗalibai ba. Ka fara da ba shi haƙuri kan rashin zuwanka, sannan ka faɗa masa a fili cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade, ba ka shan giya, amma kana son zama da su. Sau ɗaya za ka faɗa, a tsaye, ba tare da wa'azi ba. A zaman nan ne kuma za ka kawo batun Juma'a, ka zo da mafita a hannunka: awa ɗaya da rabi kake buƙata, za ka rama da yamma, ko a matsar da bayaninka zuwa farkon taro. Akwai cibiyar Musulunci a yankin Yuseong nan Daejeon, ɗalibai da yawa can suke salla, don haka ba kai ne farkon wanda ya nemi wannan izini a garin ba.

Hweshik kuma zagaye-zagaye ne. Na farko cin abinci, na biyu mashaya ko ɗakin waƙa. Ni na farkon nake zuwa, in yi sallama kafin na biyu. Ina sa a kawo mini saida, lemon kwalba ne fari marar giya, da shi nake ɗaga kofi. Al'adarsu ƙarami ya zuba wa babba giya da hannu biyu, wannan ba na yi. Amma akwai sauran hidimar ƙarami da babu laifi a cikinta: jera cokula da tsinken cin abinci, zuba wa kowa ruwa, jira sai babba ya fara ci. Idan kana yin waɗannan, ba wanda zai ce ba ka da tarbiyya. Kuma tun da ƙananan ɗalibai ne ke neman wurin da za a je, ka karɓi aikin, ka kai su gidan gasa kifi ko gidan abincin Indiya ko na Uzbek mai halal.

Abu ɗaya: kada ka kai wa farfesa kyauta don gyara zumunci. Tun 2016 suna da dokar hana karɓar kyauta da ta shafi malamai, kana iya jefa shi cikin matsala. Dabino ko cincin ka ajiye a teburin ɗalibai kowa ya ɗiba.

Abban Yara, Incheon:

Ɗan uwa na Suwon, na yarda da kai kan zuwa wajen farfesa, amma ban yarda da zaman teburin giya ba. Hani ya zo a hadisi kan zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, kuma bai kamata mu wuce wannan kamar ba mu sani ba. Na ga yaran da suka fara da saida, bayan shekara biyu labari ya canza. Zumunci da Koriyawa yana da ƙofofi da yawa. Abincin rana babu giya, baƙon namu ya riƙa bin su kullum, ko da kwanonsa zai ɗauko daga gida. Bayan abinci suna zuwa shan kofi, ya bi su, wata rana shi ya saya wa kowa. Mutane ne masu son hawan dutse, ga Gyeryongsan nan kusa da Daejeon. Wanda ake gani kullum da rana, ba za a zarge shi don bai zo da dare ba.

Tsohon ɗalibi, Suwon:

Abban Yara, maganarka gaskiya ce kuma ban musa hadisin ba. Abin da na gani kawai shi ne akwai ɗakunan binciken da rashin zuwa gaba ɗaya yake jawo wa ɗalibi cutarwa ta gaske, farfesa kuwa shi ke riƙe da takardar kammalawarka. Baƙon namu ya kai tambayar wajen limami a masallaci, ya faɗi halin da yake ciki dalla-dalla, kada ya ɗauki fatawa daga ni ko kai.

Ɗan Maraɗi, Busan:

Sannu aboki. Kada ka yanke wa abincinsu hukunci gaba ɗaya, akwai mai daɗi kuma mai tsarki. Teku ta kewaye ƙasar nan ta gefe uku, mu kuma a mazhabar Malikiyya abin cikin teku halal ne. Abokanmu 'yan Pakistan da Uzbekistan wasu suna ƙin jatan lande da kaguwa saboda tasu mazhabar, kada wannan ya rikita ka. Gasasshen kifi godungo da shinkafa shi ne abincina a waje. Bibimbab, wato shinkafa haɗe da ganyaye, ka ce a cire nama. Kimbab ka tsaya a gabansu ka ce a cire ham, yankan naman aladen nan, a nan take suke naɗawa. Kimci shi kansa kabeji ne da barkono da tafarnuwa da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande, amma miyar kimci, cige, yawanci da alade ake yi, sai ka tambaya ko akwai ta kifin tuna. Ka riƙa tambayar romon da aka yi miya da shi, don wasu masu abinci idan ka ce nama, tsoka kawai suke ganewa. Abincin gidajen ibadar Buddha kuma babu nama a ciki sam.

Baƙo a Daejeon:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi ganin farfesa a makon nan, zan kuma fara bin su abincin rana da kwanona. Tambaya biyu suka rage. Naman sa da kaza na babban kanti fa, wanda babu tambarin halal? Sannan wani ɗan uwa zai zo daga Kano wata mai zuwa, Hajiya tana so ta ba shi kilishi da dambun nama ya kawo mini.

Abban Yara, Incheon:

Kilishi a'a, don Allah ka hana tun yanzu. An hana shigo da nama kowane iri, busasshe ko dafaffe, ba tare da takardar hukuma ba. A filin jirgin Incheon akwai karnuka masu shinshina kaya, kuma tarar wanda ya ɓoye tana iya kaiwa won miliyan 10 na kuɗinsu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, ya bayyana su a takardar kwastan ya bari a duba, abin da aka bari ya wuce da shi.

Naman kanti kuwa, masu kafa hujja da yankan ma'abota Littafi su tuna cewa ƙidayar 2015 ta nuna kashi 56 cikin 100 na Koriyawa ba su bin wani addini. Ga na halal yana samuwa, ni ban ga dalilin shiga shubuha ba. Haka batun 주정, 'yar barasar da ake sa wa wasu gocujang, wato kwaɓaɓɓen barkononsu, da dwenjang don kada su lalace: malamai sun saɓa, amma akwai masu tambarin Tarayyar Musulmin Koriya, wadda ke kula da masallacin Itaewon da aka buɗe a 1976. Ka nemi masu tambarin ka huta.

Maman Biyu, Ansan:

Ƙanena, ramar nan kada ka raina ta. Tun 2021 ɗaliban waje suna cikin inshorar lafiya ta ƙasa, kana biya, to ka je ƙaramin asibitin unguwa a duba jininka kafin sanyi ya shigo. Sanyin nan yana sauka ƙasa da sifiri sosai, rana tana faɗuwa da wuri, kaɗaici kuma a lokacin yake kama mutum. Idan ka fara girki ka kula da shara: ragowar abinci daban ake zubarwa, ƙashi da ɓawon ƙwai kuma cikin ledar shara ta gari da ake saye a kanti, in ka haɗa ana cin tara kuma maƙwabta ba sa yafe wannan.

Hutun Cusok, bikin girbinsu, ya kusa, makaranta za ta zama wayam, shaguna da yawa za su rufe. Maigidana ya ce ka zo mana Ansan, muna haɗuwa da ɗalibai a yi tuwo. Ka yi masa magana ta akwatin sirri ya ba ka kwatance, kuma ka sayi tikitin jirgin ƙasa ko na bas da wuri, don a makon nan duk ƙasar ce ke kan hanya.