Mu tsayar da kalmar Hausa ga labaran "Turai ta haramta lanƙwasasshiyar ayaba"

Salamu alaikum masu fassara, 'yan jarida da malaman Hausa. Akwai wata kalma da nake so mu nema wa takwara mu huta da kame-kame, wato Euromyth. Mutanen Ingila ne suka ƙirƙire ta, suka haɗa sunan Turai da kalmarsu mai nufin almara. Suna kiran wasu labarai ne da ita, waɗanda jaridun Birtaniya suka shafe shekaru suna bugawa, cewa Tarayyar Turai ta kafa doka a Brussels, hedikwatarta, da za ta raba talaka da abin da ya taso ya tarar a gidansu: abincinsa, ma'auninsa, motar hayarsa, har sunan abin da yake taunawa. Duk mai fassara tarihin ficewar Birtaniya daga Tarayyar sai ya yi karo da ita. Wani ya ce "ƙarya", wani ya ce "tatsuniya", wani ya bar ta da Turancinta ya wuce. Wasu 'yan'uwa sun riga sun kawo shawarwari da gyara, zan taɓo su a ƙasa.

Kafin mu auna kalmomi, mu duba abin da kansa, domin ba a ɗinka riga sai an ga mai sawa.

Uwar waɗannan labarai ita ce ta ayaba. A watan Satumban 1994 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida mai lamba 2257/94, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995. Jaridar The Sun da 'yan uwanta suka ɗauka, aka baza wa jama'a cewa Turawan Brussels sun hana sayar da ayaba mai lanƙwasa. To me takardar ta ƙunsa? Ta kasa ɗanyar ayaba, wadda ba ta nuna ba, zuwa aji uku. Ajin ƙoli ana son sa ba aibu. Aji na ɗaya an yarda da ɗan aibu a siffarsa. Aji na biyu kuwa an yarda da aibun siffa a fili. Akwai wata jimla da ta ce kada ayaba ta kasance mai lanƙwasar da ta fita daga al'ada, akwai kuma mafi ƙarancin tsawo, santimita 14, da kauri milimita 27. Agada ma ba ta cikin lissafin. Manufar ita ce dillalin da ke Jamus, idan ya yi odar kwali dubu daga gonar da bai taɓa gani ba, ya san abin da za a sauke masa daga jirgi. Kafin nan ƙasashe na da ƙa'idojinsu daban-daban, sai aka mayar da su guda. Ba wanda ya shiga kasuwa ya ƙwace wa wata tsohuwa ayabarta, kuma ayaba ta ci gaba da zuwa a lanƙwashe kamar yadda Allah ya halicce ta.

Kokwamba ma haka. Ƙa'idar 1988 ta ce wadda za a sa a aji na sama kada lanƙwasarta ta wuce milimita 10 a kowane santimita 10. An soke ta a 2009, amma labarin ya fi dokar tsawon rai.

Ku lura da abu uku da ke cikin kowane irin wannan labari. Akwai ƙwayar gaskiya, takarda ce mai lamba da kwanan wata. Akwai baƙon mai iko wanda ba a san fuskarsa ba, yana can ƙetaren teku. Sannan akwai ƙaramin abin da mutane ke ƙauna, wanda taɓa shi ke sa jini ya hau. Kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar wannan kaya.

"Ƙarya" ta yi kaifi da yawa, kuma nan take za a kayar da mai amfani da ita. Kana cewa ƙarya ce, wani zai zaro maka takardar 2257/94 ya nuna maka inda aka ambaci lanƙwasa, sai ka koma kai ne maƙaryacin a idon mai karatu. Da wannan dabara labaran suke rayuwa. "Labarin bogi" ma ciwonsu ɗaya, kuma mun riga mun ba shi aikinsa na labaran da ake ƙagawa daga babu a Facebook da WhatsApp.

"Ji-ta-ji-ta" ba ta da uba, daga baki take tafiya zuwa baki. Waɗannan kuwa da ubansu, sunan wakilin jarida na nan a saman labarin, edita ya duba ya sa hannu, an buga a shafin farko.

"Tatsuniya" da "almara" su ne fassarar kai tsaye, kuma su na fi ƙi. Mai sauraron tatsuniya ya san Gizo da Ƙoƙi ba sa nan, an buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", an rufe da "ƙurunƙus", kowa ya tashi ba wanda aka yaudara. Ba zan so mu ɓata sunan abin da kakanninmu suka rene mu da shi ba, mu liƙa shi ga aikin da aka yi don a ruɗi masu jefa ƙuri'a.

Wata malama ta kawo "labarin ƙanzon kurege", wani ɗan'uwa daga Damagaram ya kawo "zuƙi-ta-malle". Na gode muku, duka biyun sun matso kusa, musamman ta biyun da ke da ƙarin gishiri a cikinta. Abin da suka rasa shi ne tsoro. Mai zuƙi-ta-malle ana saurarensa ana dariya, an san halinsa. Mai karanta jaridar nan kuwa yana ajiye ta ne da ɓacin rai, yana jin an zo har gida za a raina shi. Wannan ɓacin ran shi ne ribar da ake nema.

Abin da nake ba da shawara shi ne: dodoridon doka.

Kowa ya san dodorido. Babba ya rufe fuska da zane ko ƙwarya, ya canza murya, yaro ya ruga ya ɓuya bayan uwarsa. Zanen na gaske ne, ƙwaryar ta gaske ce, dodon ne babu. Kuma wanda ke ƙarƙashin zanen ɗan gida ne. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ta sa na tsaya a kan kalmar, domin a labaran nan mai tsoratarwar ba daga Brussels yake ba, a Landan yake zaune.

Ga misalin da ya fi fito da hakan. Ranar 17 ga Yulin 2019, a taron ƙarshe na neman shugabancin jam'iyyar Conservative a Landan, Boris Johnson ya ɗaga wani bandar kifi a cikin leda a gaban jama'a. Ya ce mai yin bandar, wanda ke tsibirin Isle of Man, yana kuka da dokar Tarayyar Turai da ta tilasta masa haɗa kowane kifi da ƙunshin ƙanƙara idan zai aika wa mai saye ta gidan waya. Aka yi tafi. Washegari Hukumar Tarayyar ta fito ta ce wannan sharaɗi ba nata ba ne, ƙa'idar Birtaniya ce ta cikin gida. Tsibirin ma ba ya cikin Tarayyar. Mako guda bayan haka mutumin ya zama firaminista.

Shi ɗin ba baƙo ba ne a wannan sana'a. Daga 1989 zuwa 1994 shi ne wakilin jaridar Daily Telegraph a Brussels, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka raya irin wannan rubutu. A zamaninsa aka yayata cewa za a hana wani soyayyen dankali mai ɗanɗanon jatan lande da yaran Ingila ke so. Tushen maganar shi ne an tsallake shi a jerin abincin da aka yarda a sa wa sinadarin zaƙi, aka gyara jerin, dankalin yana nan a kantuna har yau. A yaƙin neman ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar a 2016 ya sake komawa kan ayaba, ya ce an hana sayar da nonon ayaba mai fiye da ƙwaya biyu ko uku, alhali takardar ba ta ce haka ba.

An kuma buga cewa za a hana sayar da ƙwai dozin-dozin, za a hana yara hura balan-balan, za a kori motocin safa masu hawa biyu daga titunan Landan. Ofishin Hukumar Tarayyar da ke Landan ya buɗe shafi na musamman yana bin su yana warwarewa ɗaya bayan ɗaya, har suka haura 400 kafin ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yunin 2016. A ranar kashi 51.9 suka zaɓi ficewa, kashi 48.1 suka zaɓi zama. Ba na cewa ayaba ce ta fitar da Birtaniya, akwai batun baƙin haure da kuɗi da ikon majalisa. Amma mutumin da ya shekara ashirin yana karanta cewa wasu can suna auna masa ayaba, ranar da aka tambaye shi ra'ayinsa ya daɗe da yanke hukunci a zuciyarsa. Abin da ke ba ni takaici shi ne gyaran ba ya taɓa kamo labarin. Labarin yana shafin farko da manyan haruffa, gyaran yana wani shafin intanet da ba mai leƙawa sai wanda dama bai yarda ba.

Wani malaminmu ya yi gyara mai kyau, Allah ya ƙara basira. Ya ce idan aka ce "dokar dodorido", Bahaushe zai fahimci doka ce marar haƙora, wadda aka kafa don ganin ido. Gaskiyarsa, shi ya sa jerin kalmomin ke da muhimmanci. "Dokar dodorido" tana siffanta dokar. "Dodoridon doka" yana siffanta wasan da aka yi da ita. Na biyun muke so, kada a juya su.

Wani kuma ya tambaya ina Turai ta shiga, tunda tana cikin kalmar asali. Idan ana maganar Birtaniya da Brussels sai a ce "dodoridon dokar Turai". A bar gajeren ya zama na kowa, saboda salon bai tsaya a Turai ba. Duk inda aka sa hannu kan wata yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa mai shafuka da yawa da ba kowa zai karanta ba, ƙofar wannan wasa a buɗe take.

Sai dai a yi hattara, kada kalmar ta zama sandar dukan duk wanda ya yi kuka da wata doka. Akwai dokokin da suka ciji mutane da gaske. A 2001 kotu ta sami Steve Thoburn, mai sayar da kayan gwari a Sunderland, da laifi saboda sikelinsa laba, tsohon ma'aunin nauyi na Ingila, kawai yake aunawa ba kilo. Wannan ya faru, mutum ne ya tsaya gaban alƙali kan ayabar da ya auna wa mai saye yadda suka saba, kuma ina ganin an tsananta masa. Dodoridon ya shigo ne wajen ba da labarin, inda aka ɓoye cewa Birtaniya da kanta ta fara komawa ma'aunin kilo da mita tun 1965, shekara takwas kafin ta shiga ƙungiyar a 1973, kuma an yarda ɗan kasuwa ya rubuta laba a gefen kilo. A 2007 Brussels ta ce mil na kan titi da kofin awon madara da giya su zauna ba wa'adi. Bayan ficewa gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a kan komawa tsohon ma'auni, sakamakon da aka fitar a ƙarshen 2023 ya nuna kusan kashi 99 na masu amsawa sun fi son a bar kilo yadda yake.

Mu ma muna da misalin dokar da ba wasa a cikinta. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos fiye da kima a cikinsa, irin maganin ƙwarin da wasu ke zuba wa wake a rumbu ko a buhu. Wannan hani ne na gaske, ya taɓa aljihun 'yan kasuwa, kuma ya tona matsalar da ta shafi tukunyarmu kafin ta Bature. Wanda ya kira shi dodorido ya zalunci kalmar. Amma da wata jarida za ta juya shi ta rubuta "Turawa sun haramta wa 'yan Najeriya cin ƙosai da alala", to nan kalmarmu ta sami wurin zama, domin hanin a kan shigar da kaya Turai yake, ba ruwansa da mai tuya a bakin titi.

Saboda haka kafin mai fassara ya sa kalmar, ya nemo takardar ya ga wa ta shafa: mai shigo da kaya ne, ko mai kanti, ko mai ci. Ya kuma duba wa ya kafa ta, ta waje ce ko ta gida. Idan abin da aka buga ya yi nisa da abin da aka rubuta, kuma nisan ya karkata wajen tsoratarwa, ya yi amfani da ita kansa tsaye.

Wajen jam'i ba sai mun wahalar da harshe ba, "labaran dodoridon doka" ya wadatar. Aikatau kuwa dama muna da shi a baki, "yi wa mutane dodorido da doka". Ga yadda za ta zauna a jimla: "Jaridun Birtaniya sun shekara da shekaru suna yi wa masu karatu dodorido da dokokin Turai." Ko a kanun labari: "Batun hana lanƙwasasshiyar ayaba dodoridon doka ne." Masu aiki a gidajen rediyo ku gwada ta a baki ku ji ko tana tafiya da numfashin mai karanta labarai, 'yan uwa na Nijar da Gana kuma ku faɗa mana ko dodorido na da wata ma'ana a wajenku da za ta kawo cikas.