Neman shawara: ɗana ɗan shekara 13 ya matsa sai na tafi da shi farautar gada

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya da malamai da duk wanda ya san daji.

Ni farauta gadonta na yi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, maharbi ne a ƙasar Sumaila. Kasuwa ta zaunar da ni a birni, amma duk rani in an kawar da amfanin gona aka yi gayya, nakan bi mutanen garinmu. Babban ɗana shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma tun bara ya hana ni sakat sai na tafi da shi. Shi ke ba karnukana abinci, shi ke cire musu kaska. Har ya gaya wa abokansa bana da hannunsa zai yanka gada ko barewa.

Mahaifiyarsa ta ce in dai tana numfashi ba zai hau motar mafarauta ba. Ni kuma tsorona in hana shi, wata rana ya bi wasu a ɓoye. Gayyar bana wajen Ningi za a nufa, kuma kwana za a yi. Shin ya isa zuwa? In riƙa masa bindigar toka ta kakansa, ko da sauransa? Kuma abin da yaro kamarsa ya harba ko ya yanka, ya halatta a ci?

Tsohon maharbi, daga Ningi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Jikana ke rubutawa, ni ina faɗa masa.

Ka kai shi daji, amma kada ka kai shi gayya. Gayya ba wurin koyo ba ce. Ga tarin jama'a, ga karnuka sun fi mutane yawa, ga ganga na tashi, kowa jininsa ya hau. Ita kuma gada ba ta gudu tun daga nesa. Lafewa take a gindin sabara ko kalgo har sai kare ya kusa taka ta, sannan ta yi fit ta fita tana karkacewa hagu da dama. A wannan ƙiftawar ido gora na tashi daga nan, barandami daga can, mai bindiga ya juya bakinta yana bin nama bai duba wanda ke bayan naman ba. Babba ya san ya tsuguna. Yaro kuwa bin ta zai yi a guje, ya faɗa tsakiya. In ta faɗi ma ba a gama ba: wannan ya ce karensa ya kayar, wancan ya ce gorarsa ce, sai ƙwace ya tashi. Yawancin jinin mutum da na gani a daji a kan ƙwacen nama ya zuba.

Ku fita ku biyu da kare ɗaya mai jin kira, da an idar da sallar asuba, ku bi gefen gonakin garinku inda kowa ya san ku. Nuna masa sawu. Kofaton gada ɗan ƙarami ne mai tsini ta gaba, tsinin ke nuna inda ta nufa. Kashinta ƙanana ne baƙaƙe, ya murza ɗaya a yatsa ya gane na daren jiya ne ko na makon jiya. Ya ɗebi gari-garin ƙasa ya sake ya ga inda iska ke kai shi, don in iska na bayanku, ta ji warinku tun ba ku gan ta ba. Ya koyi tafiya ba tare da taka kara ba, ya koyi yin shiru. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba yara wuya. Kayansa goran ruwa, igiyar kare, da wuƙa a cikin kube.

Bindigar kakansa ta zauna a ɗaki. Tsohuwar bindigar toka ba ta da amana: in albarushi ya yi yawa ko bututu ya ci tsatsa, a hannu take fashewa. Wani lokaci ka danna ta ƙi tashi, ka sauke kana leƙawa, sannan ta tashi. Ina da abokin farauta da yatsu uku suka rage masa a hannun hagu. Kuma ko da wasa kada ka kai shi farautar dare da fitilar goshi, inda ƙyallin ido kawai ake harbi.

Wata uwa, daga Zariya:

Malam, ka yi haƙuri zan ɗan tsaya wa maman yaron. Ba gada take tsoro ba. Mota take tsoro, da hanya, da waɗanda zai kwana a cikinsu. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 aka kashe a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin sallah, don an ga bindigogin farauta a motarsu. Wace uwa ce za ta manta wannan? Na san Ningi ba Edo ba ce, amma dazukanmu ma yanzu ka san waɗanda ke ciki.

Sannan ka fi ni sanin cewa gayyar yanzu ba dattawa kaɗai ke zuwa ba. Akwai samarin da sai sun sha ƙwaya da wiwi suke shiga daji. Ɗan shekara 13 duk wanda ya fi kowa ihu da kirari shi zai ɗauka gwani. Don Allah kada ka fita da shi ba da saninta ba. In ka yi haka sau ɗaya, ka koya masa cewa ana yi wa uwa ɓoyo.

Wani matashi, daga Bunkure:

Haba jama'a, kuna so ku mai da yaro ɗan kwali. Mu tun muna 'yan shekara goma muke bin gayya, ga mu nan da ranmu da lafiyarmu. Yaya, ka tafi da shi kawai, ka riƙe hannunsa. Sai ya ji ganga ya ga ƙura zai zama namiji.

Tsohon maharbi, daga Ningi:

Yaro, ku da kuka dawo lafiya ku ke da bakin magana. Ka tambayi sarkin bakanku ya lissafa maka waɗanda aka dawo da su a kwance. Kuma wa ya taɓa riƙe hannun yaro da igiyar kare biyu a lokacin da nama ya tashi?

Malamin islamiyya, daga Gusau:

Bismillah. Zan tsaya kan tambaya ta uku. Yaron da ya kai wayo, ya san abin da yake yi, ya san niyya da bismillah, yankansa ya halatta a mazhabarmu ta Malikiyya, ba sai ya balaga ba. Haka farautarsa.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne yadda dabbar ta mutu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kama maka in ka ambaci sunan Allah lokacin sakinsa. Amma a hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Annabi (SAW) ya ce in ka tarar da wani kare tare da naka, ba ka san wanda ya kashe ba, kada ka ci, domin a kan naka ka yi bismillah. To ku duba gayya, inda karnukan mutane barkatai ke rufar wa gada ɗaya, wasu ma su suka zabura da kansu ba wanda ya sake su. Haka abin da aka maka wa gora ya mutu kafin a sa masa wuƙa, mushe ne, aya ta 3 ta ambace shi cikin haramtattu. Wanda aka tarar da sauran rai, dole a yanka. Saboda haka mai wuƙa ya kasance kusa, wuƙar kuma da kaifi, kada a wahalar da dabba.

Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa a fili cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba ta halatta. Yaron da ke son ya yanka gada don ya ba abokai labari, sai a gyara masa niyya: nama ne za a kai gida a ci, a ba maƙwabta. Yardar mahaifiyarsa kuma tana gaba da wannan duka, domin farautar ba wajibi ba ce a kansa.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, daga Bauchi:

Alhaji, ka cire barewa daga lissafi. Yaushe rabon da ka ga an tayar da ita a gayya? Zomo ne, da gafiya, da zabin daji, sai gada jefi-jefi. Noma ya cinye daji, kiwo ya cinye saura, ƙonawa da gayya suka ƙarasa. Abin da ya rage na manyan nama ya tattare a gandun gwamnati, kuma nan ne matsalarka take. Lame-Burra tana wannan yankin da za ku, Falgore kuma ga ta a gefen garinku, duka biyun haramun ne farauta a cikinsu. Kare bai san iyaka ba, mai bin kare ma haka. In aka kama ku a ciki, da yaron za a tafi.

Ta fuskar doka, bindigar toka ma sai da lasisin 'yan sanda, kuma dokar bindigogi ta Najeriya ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Wannan kaɗai ya amsa tambayarka ta biyu. Akwai kuma dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara.

In burinsa ya ga manyan dabbobi da idonsa, kai shi Yankari a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya janye suke gangarowa kogin Gaji. Akwai gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo. Gwanki ɗaya ya ninka gada fiye da sau goma a nauyi. Ya tambayi masu gadin dajin yadda suke karanta sawu. Daga nan ya yi wanka a maɓulɓular ruwan ɗumi ta Wikki ku dawo.

Wani ɗan'uwa, daga Dakoro:

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan kusa da mu akwai gandun Gadabeji, tun 1955 aka keɓe shi, shi ya sa har yau ake ganin barewa jefi-jefi. Mariri kuwa, wato naman dajin nan mai dogayen ƙahoni da kakanninmu ke ba da labari, a shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare ƙaf a daji. Sai a 2016 aka dawo da wasu Chadi daga waɗanda aka kiwata a Abu Dabi. Ka gaya wa yaron wannan. In kun ga gada da ɗanta ko mai ciki, a kira kare a bar ta.

Ma'aikaciyar jinya, daga Gombe:

Ko fitar asubar ce, a sa masa takalmi rufaffe mai tsawo da wando mai kauri, ban da silifas. Kububuwa launin ƙasa gare ta, ba a ganinta sai an taka. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafar, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Masu zuwa mana asibitin cizon maciji na Kaltungo a makare, galibi wajen mai magani suka fara tsayawa. Ka bincika tun yanzu wane asibiti ne kusa da garinku yake da allurar.

Karnukan a yi musu rigakafin haukan kare, tunda shi ke hidimarsu. Kada ya taɓa dabbar da aka tsinta a mace, kada kuma ya kama ɓeraye in an ƙona daji, rani ne lokacin zazzaɓin Lassa.

Mai tambaya, daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarsa duka, har da na ɗan'uwanmu na Bunkure, wanda ya sa ta tashi ta bar mini ɗakin. Da ta dawo mun daidaita: ba gayya, ba kwana, ba bindiga. Ta yarda mu je gida ranar Juma'a da yamma, mu fita asubar Asabar, mu dawo kafin azahar, da sharaɗin ƙanena ya bi mu kuma wayata na kunne. Yankari kuma sai hutun makaranta, in sakamakon jarrabawa ya yi kyau, wannan sharaɗinta ne ba nawa ba. Yaron ya kumbura da ya ji ba zai hau mota da jama'a ba, amma tun jiya yake wasa wuƙa.

Baba na Ningi, saura abu ɗaya. In Allah Ya ba mu sa'a kare ya kama, in bar shi ya yanka, ko ya fara kallo tukuna?

Tsohon maharbi, daga Ningi:

Na farko kai za ka yanka, shi ya danne ƙafafun baya. Ka gargaɗe shi tun a gida cewa gada na kuka in an kama ta, kuka mai kama da na ɗan akuya, kuma kofatonta na yanka hannu in tana shure-shure. In namiji ne a kula da ƙahon, gajere ne amma da tsini. Ka dubi fuskar yaron a lokacin. In ya kau da kai, kada ka yi masa dariya, kada ka bari ƙanenka ya yi. Fiɗa kuwa ka ba shi wuƙa ya taya ka, ya koyi cire kayan ciki ba tare da fasa tumbi ba. Kafin Asabar ɗin ka sa ya yanka kazar gida a gabanka, ka ga yadda hannunsa yake.