Masu wasa a zaure mai rufi, me kuka gani a naku?

Ɗan kwando: Salam ƴan uwa. Za a gina mana zauren wasanni mai rufi, wai ƴan wasa su kawo shawara kafin a gama zane. Don Allah duk wanda ya taɓa wasa a irinsa ya faɗa mana abin da ya gani, daɗi da rashinsa.

Gola: Wa alaikas salam. Ku tsaya kan girman fili tun kafin a haƙa fandisho. Zaurenmu da filin ƙwallon kwando aka auna, mita 28 da 15, aka ɗan ƙara gefe, shi kenan mu ƴan ƙwallon hannu muka tashi a tutar babu don filinmu 40 da 20 ne. Har yau a waje muke tirenin, ruwa na saukowa kowa ya kama gabansa. Da da namu aka auna ai kowa ya samu wuri, na ƙwallon raga ma 18 da 9 ne kacal.

Kociya: Ni yara mata nake koya wa ƙwallon raga, kuma silin ne damuwata. Doka ta ce aƙalla mita 7 daga ƙasa ba abin da ya tare, rufinmu ya kai, amma daga baya aka rataya fankoki da fitilu suka sauko, yarinya ta ɗaga ƙwallo da kyau sai ka ji ƙwal, ta bugi fanka ta dawo. Ga amsa-kuwwa kuma, rufi kwano bango siminti ba abin da ke shanye sauti, in ina magana bakina kawai suke kallo.

Mai badminton: Anti ai fankar nan mu ta fi cuta. Ƙwallonmu ta badminton, mai gashin tsuntsu da ake bugawa da raket, wajen giram 5 ce, iska kaɗan ta kauce hanya. Sannan aka shafe bango da farin fenti, ƙwallon ma fara, tana tashi sama ta ɓace maka. Fitila kuma a jera ta gefen fili, in tana tsakar ka kana ɗaga kai ta kashe maka ido.

Ɗan kwando: To oga a kashe fanka mu dahu kenan?

Mai badminton: Haba dai, a bar wa iska mafita can sama kusa da rufi, zafi ai sama yake taruwa.

Tsohon hannu: Duk kun bar babba, daɓe. Mun yi shekaru muna tsalle kan siminti mai fenti, yanzu gwiwata ce ke ba da labari in zan hau bene. Katako mai ɗan lotsawa shi ne magana, amma fa sai da tsaro. Inda nake zuwa yanzu an sa shi, sai aka fara ba da hayar wurin don taro, a jawo kujerun ƙarfe, takalma masu tsini, a zubar da ruwa a tafi, yanzu akwai gefen da ya kumbura, ƙwallo in ta faɗi nan ba ta tashi. Ban ce kar a yi haya ba, da ita ake biyan kuɗin wuta, amma a sayi shimfiɗar rufe daɓen a gina sito mai faɗin ƙofa.

Kociya: Baba ka tuna min, a raba ɗakin canza kaya da banɗaki na mata daban, kuma a kafe jadawali a ƙofa, in ba haka ba manyan maza ke cinye yamma gaba ɗaya.