Shatar jirgi zuwa tsaunukan Alps: abin da majalisa ta tsayar

A wata majalisar 'yan kasuwa a Birnin Kebbi an tattauna yadda mai hali zai yi shatar jirgin sama zuwa wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a Turai. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara tambayar inda jirgin zai sauka, kafin maganar kuɗi.

Filin jirgin Courchevel na Faransa yana kan tsauni, a tsayin sama da mita 2,000, titinsa mita 537 ne kacal, kuma a kan gangare yake. Jet ba ya sauka can, sai ƙaramin jirgi mai farfela irin Pilatus PC-12 ko helikwafta, matuƙin ma sai mai izini na musamman. Iskar can sama ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Shi ya sa aka fi son a sauka Janeba ta Suwizalan ko Chambéry ta Faransa, a ƙarasa da mota.

Filin Samedan kusa da St. Moritz a Suwizalan yana karɓar jet, amma da rana kawai, hazo kuma kan hana sauka.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, a rubuta a yarjejeniya wa zai biya idan aka karkatar da jirgi." A ganina nan kuɗi ke zurarewa, har da na narkar da ƙanƙarar fukafukai. Bizar Shengen kuwa, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, shata ba ta ɗauke wa kowa ita.