Me za mu kira care home da Hausa? Gidan gajiyayyu dai bai yi ba

Jama'a don Allah masu Hausa a baki ku matso mu warware wannan. Duk sanda aka kawo labarin wuraren da tsofaffi ke zama ana kula da su, abin da ake ce wa care home ko nursing home, sai ka ji an ce gidan gajiyayyu. Ni wallahi sunan nan yana min ciwo. Gajiyayye ai wanda ya rasa mai tallafa masa ne, ba shi da kowa ba shi da komai, alhali da yawa cikin masu zama a wuraren nan suna da 'ya'ya da jikoki da fanshonsu, wasu ma da ƙafarsu suka je suka duba ɗaki suka ce wannan nake so.

Kuma maganar ba mai wucewa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye, zuwa 2050 kuma yawansu zai kai biliyan 2.1. Japan tun 2000 ta kafa inshora ta musamman don kula da tsofaffi, Jamus ma tun 1995.

Inda muke kuskure shi ne abubuwa daban daban muke cusawa cikin suna ɗaya. Akwai wurin wanda jiki ya ƙi, akwai nas dare da rana, ana juya shi a gado kar kwanciya ta ci masa baya, ana ba shi magani a kan lokaci. Wannan kam gidan jinyar tsofaffi, ba sai an ja ba.

Mai wuyar shi ne na tsakiya, inda mutum yana da ɗakinsa da makullinsa, yana fita yana dawowa, baƙinsa na zuwa, abin da yake buƙata kawai a kama masa wajen wanka da sa kaya a tuna masa magani. Wani ya ce gidan reno, a'a don Allah, reno na jariri ne, ba za mu mai da mai shekara 80 goyo ba. Wata ta ce gidan dattawa, ya yi daɗi a baki amma mai sauraro zai ɗauka majalisa ake nufi. Ni na tsaya kan gidan tallafin dattijai, don tallafi na nuna mutum yana tsaye da ƙafarsa kama masa kawai ake yi.

Sai kuma inda masu ritaya lafiyayyu ke tarewa wuri ɗaya kowa da gidansa, irin Sun City da aka buɗe a Arizona ta Amurka a 1960, wannan unguwar dattijai ce kawai.

Amma ku dubi Hogeweyk da ke Weesp a ƙasar Holan, an buɗe ta a 2009 don masu ciwon mantuwa mai tsanani. A takarda gidan jinya ce, amma in ka shiga tituna ne da kanti da wurin cin abinci da lambu, mutum shida ko bakwai a gida ɗaya, ma'aikata ba sa sa yunifom, tsohuwa za ta ɗauki kwandonta ta tafi kanti ba mai cewa koma ɗaki, ƙofar fita waje ce kawai ake tsaro. Wannan in ka ce gida ka rage ta, ni unguwar jinya nake ce mata.

Wanda ya rage min shi ne ma'aikacin, wanda ba nas ba amma shi ke wankan da ciyarwar da zaman hira. Mai jinya ko mai kula ko mai tallafi? Ku kawo naku.