Da budurwa yake ko da zuciyarsa?

Ɗan Sahu:
Salamu alaikum. Akwai wata waƙa a memorina da nake sawa in na fito aiki da sassafe, daga Kabuga zuwa Bata. Mawaƙin faɗa yake yi wa wata: ta hana shi barci, ta kai shi inda bai yi niyya ba, ta haɗa shi da iyayensa. 'Yan amshi kuwa lallashinta suke yi, wai ba rabuwa sai kabari. Abokina da muke karɓa-karɓar mashin ya dage waƙar soyayya ce. To ni ban ji sunan mace ba, ba a yabi ido ba, ba a yabi tafiya ba. A baitin ƙarshe ma cewa ya yi rana ɗaya aka haife su. Ni dai ina ganin da zuciyarsa yake. Waƙar nan tana taɓa ni ƙwarai, don Allah masana ku warware mana.

Malam Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kunnenka ya ji daidai, kuma salon ba sabo ba ne. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mugun aiki a Suratu Yusuf aya ta 53, da rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama aya ta 2, da rai mai natsuwa a Suratul Fajri aya ta 27. Wanda ya tashi yana jin wannan a wajen tafsirin azumi, in ya zo waƙa dole ya raba kansa biyu, ɗaya na ja, ɗaya na tsawatarwa. Sake saurara: baitocin farko zargi ne zalla, amshin kuma shi ne sulhun da yake nema.

Badamagare:
Malam, a gafarce ni, ba za ta yiwu duniya ce ba? Masu waƙoƙin wa'azi tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suna siffanta ta da mace mayaudariya.

Malam Na Tudun Wada:
Na yi wannan tunanin. Amma duniya ta girme mu duka, ba wanda aka haifa rana ɗaya da ita.

Maman Ihsan:
Ni kam ku yi wa abokin nan adalci. In waƙar fim ce, labari ake ba mawaƙi ya rera a kai, kuma sau da yawa saurayin da iyaye suka hana shi wadda yake so, zuciyarsa yake kamawa da faɗa don ba ya iya ɗaga wa mahaifinsa murya. Ka ga soyayyar tana nan, kokawar ma tana nan. Ƙanina, ka bincika ko daga fim aka ciro ta.

Ɗan Sahu:
Na gode Malam, na gode Yaya. Na tambayi mai turin da ya sa min ita a Farm Centre, ya ce ba ta fim ba ce, cikin kundin mawaƙin take. Gobe zan sa wa abokin nawa baitin ƙarshen nan ya ji da kunnensa.