Wai mene ne "maket" da Hausa? Masu harshe ku matso

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah akwai kalmar da ta hana ni sakat kusan wata uku ke nan, me za mu kira maket da Hausa? Ina nufin abin nan da ake ƙerawa ɗan ƙarami amma shi da babban kamar an tsaga kara, jirgi ne ko mota ko gini. Mu nan Garwa maket kawai muke cewa tunda bakinmu ya saba da Faransanci, to ran nan ina waya da ɗan yayata da ke karatu a Kano na ce masa ina nan ina fama da maket, sai cewa ya yi Kawu Allah sa albarka, a wace kasuwar ka kama shagon? Shi kunnensa kasuwa ya jiyo da Turancinsu. Tun ranar na ce a'a, dole a nemo wa abin nan suna.

Bari in faɗi yadda aka yi na shiga wannan wahalar. Ƙanina yana zaune a Faransa, shi ya yi min abonma, wato ka riƙa biya duk wata ana aiko maka da kayan kaɗan-kaɗan, na maket ɗin wani jirgin sararin samaniya na cikin fim, irin wanda fukafukansa ke buɗewa su rufe da inji, ga fitilu ga ƙara. Ba a akwati ɗaya ake ba ka shi ba. Kamfanoni irin su De Agostini da Hachette da Altaya haka suke sana'arsu, duk fitowa 'yar mujalla ce da 'yan gutsattsari a leda, yau rabin fiffike, wani satin kujerar direba da kusoshi guda shida, haka haka har fitowa 100, wani ma ya wuce. Shi yake tarawa, in ya samu mai zuwa gida ya ba shi, kaya su sauka Duwala, su hau jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, sannan bas ta kawo min Garwa. Yanzu ina fitowa ta 41. Kuɗin kam kar ku tambaya, ta farko araha suke sa ta don ka shiga tarko, sauran kuma a ce yuro 12 kowace, sau 100, ga yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ka ga an doshi sefa dubu 790 ban da kuɗin ɗauko. Kuɗin moto, wato babur, sabo fil har da canji. Uwargida ba ta san wannan lissafin ba kuma ba na so wani ya yi min shisshigi.

Shi sunan jirgin, kumbo, ba mu da rigima a kansa, magabata sun gama mana. Tun zuwan Amurkawa duniyar wata a Yulin 1969 kalmar ta zauna daram, har marigayi Shata ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa. Tauraron ɗan'adam ma ya zauna, 'yan sama jannati sun zauna, kai har ciwon idon da ya ɓarke a shekarar nan apolo muke ce masa har gobe. To in mutanen da suka ji abin a rediyo kawai suka iya raɗa masa suna, mu da abin ke kan teburinmu me zai hana.

Na fara tambaya a gida. Yara suka ce abin wasan Baba. Wannan kam na ƙi, kuma ba don girman kai ba. Mu ma mun yi motar kara da motar gwangwani muna yara, mu yanka tsohon silifa mu yi taya, amma wa ya taɓa auna motar kara? In tayar ta fi ƙofa girma ba wanda zai ce ka yi kuskure. Shi maket duk darajarsa a awo take. Nawa an rubuta 1:18 a jikinsa, ma'ana duk santimita ɗaya a nan santimita 18 ce a babban, shi ya sa direban da ke ciki bai wuce santimita 10 ba, daidai mutum mai mita ɗaya da 80. In 1:72 ne mutumin nan zai koma santimita biyu da rabi, kuma asalin wannan awon inci ɗaya ne a madadin ƙafa shida. Rokar Saturn V da ta ɗaga Apollo tsayinta ya kai mita 110, a 1:72 za ta zo maka mita ɗaya da rabi, a 1:144 kuma kamar santimita 76. Ka ga ko'ina lissafi ne, in ka ƙara wa fiffike ɗan yatsa ɗaya ka ɓata abin gaba ɗaya. Saboda haka duk kalmar da za a kawo min, ina so a ji cewa abin yana tsaye ne a madadin wani babba, ba wai don a ja shi da zare a tsakar gida ba.

Na kai maganar majalisarmu ta bayan la'asar, wallahi da na sani ban kai ba, shayi har ya huce.

Wani ya ce mutum-mutumi. Muka ce ai ba mutum ba ne, ko za ka ce kumbo-kumbo? Aka yi dariya, amma ni fa kumbo-kumbo bai min muni ba, Hausa tana yin haka, ja-ja, fari-fari, abin da ya yi kama amma bai kai ba. Matsalar ita ce sai kowane abu ya zo da nasa, mota-mota, gida-gida, kuma gida-gida tuni yana da ma'anarsa. Ba mu samu suna ɗaya da zai rufe duka ba.

Wani dattijo da ke sauraro ya ce ku dai ku yi hankali kar ku ce gunki. Muka ce Baba ba mai cewa haka, ko rai babu a siffar. Aka wuce.

Mai shagon atamfa da ke sarin kaya a Kantin Kwari ya ce samfur, wai haka gidajen rediyo ke faɗa. Samfur kam kalma ce mai kyau kuma ta daɗe a bakin 'yan kasuwa, sai dai shi samfur ɗan yanki ne na ainihin kayan, ƙyallen da za a nuna maka ka ga launi, ko sabon fitowar waya a ce sabon samfuri. In na ce ina da samfurin kumbo a ɗaki sai a ɗauka wani sabon kumbo na ƙera zan harba daga bakin Binuwai.

Ni kuma da kaina na kawo kumbon awo, ina ta jin daɗi na haɗa awo a ciki. Da na dawo gida na faɗa wa Inna, ta dube ni ta ce kumbon awo kuma, na gero ko na masara? Ashe a wurinta kumbo ƙwarya ce mai faɗi, tun kafin a san da wani Apollo. Kunya ta kama ni, na janye.

Akwai wanda ya ɗauko ƙamus a waya ya fassara eshel, wato sunan awon nan irin 1:18 da Faransanci, kai tsaye ya ce tsani. Kumbon tsani. Wannan ko amsa ba mu ba shi ba. Sikeli ma da wani ya ce, na mahauta ne da masu auna auduga, nauyi yake aunawa ba tsawo ba. Ni dai a nan awo ya ishe ni, awon ɗaya bisa sha takwas, tela ma zai gane.

Inda aka daɗe shi ne kan zubi. Wani abokina maƙeri, irin masu narka gwangwanin lemo su zuba tukunya a cikin yashi, ya ce ai wannan ƙaramin zubi ne, ba ka ji ana cewa wane da wane zubinsu ɗaya ba? Kuma ya ɗauki fiffiken ya jinjina ya ce wannan ma ƙarfen zubi ne ba bugu ba, ya nuna min layin da bakin mazubin ya bari, gaskiyarsa kuwa, rabin kayan ƙarfen zubi ne rabi roba. Na kusa sallamawa. Sai mai shayi da bai ce uffan ba tun ɗazu ya ce ku bar zubi a inda ya dace, wannan abonma ɗin da yake biya duk wata shi ne zubi, adashe ne kawai, bambancin shi kwasarsa a gutsure take zuwa. Kai jama'a. Nan take kowa ya yarda, don babu abin da ya kama abonma irin wannan kamar zubin adashe, har da fargabar kar uwar adashe ta gudu. Kuma tana guduwa, a 2022 kamfanin Eaglemoss na Ingila ya durƙushe, mutane da yawa suka zauna da rabin jirgi rabin mota a kan tebur. Ni ma duk sanda kaya suka yi jinkiri sai gabana ya faɗi. Ko a fitowa ta 33 an manta ba a sa min wani ɗan gurjin roba mai haƙora ba, wanda inji ke juyawa ya ɗaga fiffike, sai da na jira wata biyu, a lokacin nan kuwa hazo ya shiga ko'ina, na rufe aikin da tsohon zanen Inna kamar kwanon tuwo.

To saura maket ɗin kansa. Jiya da dare wuta ta ɗauke, ina zaune da tocila ina ɗaure wasu kusoshi ƙanana kamar ƙwayar riɗi, turnabis ɗin ma, wato abin ɗaure kusoshin, sai da na goga masa maganaɗisu kafin ya riƙe su, sai ƙaramar 'yata ta ce Baba na gasken ma haka yake? Na ce eh haka yake, wannan kwatanta miki shi kawai ake yi. Ina rufe baki na ji kalmar. Kwatanta. Abin da ake buɗewa da shi mabuɗi, abin dubawa madubi, abin aunawa ma'auni, to abin da ake kwatantawa da shi fa? Makwatanci. Makwatancin kumbo, makwatancin masallaci irin wanda masu zanen gini ke ajiyewa cikin gilashi kafin a sa harsashi, makwatancin gadar Binuwai in wani ya ga dama ya yi. Jam'i makwatantai. Kuma dangin kwatankwaci ne da kowa ya sani, ka ga awon ya shigo ta bayan gida ba sai an ambace shi ba.

Na tura wa malaminmu na Hausa da ya yi ritaya, ya ce ginin kalmar daidai ne ba inda ya karya ƙa'ida, sai dai tana da tsawo kuma wani zai iya ɗauka mutum ne mai yin kwatance, kamar maɗinki ko marubuci. Na ce Malam ai karin sauti ne ke raba su a baki, a rubutu kuma abin da ya biyo baya zai nuna, ba wanda zai ji makwatancin kumbo ya nemi mutum. Ya ce to jeka gwada a kasuwa, in mai moto ya maimaita ba tare da ya ce me ka ce ba, ta zauna.

Don haka ga inda na tsaya, abonma zubi, eshel awo, mai moter kuma mai inji kawai kar a ce mai mota a rikita mutane, maket makwatanci. Kit ɗin ne, wato tarin gutsattsarin da ake harhaɗawa, har yanzu ban samu ba, wani ya ce kayan haɗi amma ni da na ji kayan haɗi daddawa da citta nake tunawa. 'Yan Marwa da Kusiri da Njamena, ku da kuke cakuɗa da Larabci, me kuke cewa a can? Mutanen Damagaram ma ku sa baki tunda Faransancin ɗaya ne ya dame mu. Inna dai ta ce duk surutunmu ne, ita ɗan kumbo za ta ci gaba da cewa, kuma in kwashe shi daga kan teburin cin abinci kafin azumi.